Ti Zulmira da Aljanar Gurbin Sama

Idan ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan duwatsun dandalin Ribadelo da sassafe, ba sai ka leƙa ba, Ti Zulmira ce, wato Inna Zulmira, ta sauko daga rafi da takalmanta na katako. Kafin ta iso ƙofar shagona na riga na ɗora mata kofi. Takan shigo da daro a ka, baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har safa, ta dire daron a kan tebur ta ce, "Idalina, ga abin da mashayanki za su tofar miki da ɓawonsa a ƙasa."

Tiramoso ne a daron. Duk ƙauyukan da ke kan tuddan nan namu na tsakiyar Portugal ana yin sa, amma na Zulmira daban yake. Wake ne dai rawaya, mai ɗacin da ko akuya ba ta yarda da shi. Sai an jiƙa, an dafa, an ɗura a buhun algarara an nutsar a rafi, ruwa mai gudu ya yi ta ratsa shi kwana da kwanaki har ɗacin ya tafi, sannan a zuba gishiri. Sauran mata a bakin gada suke nutsar da nasu, inda ake wanki, shi ya sa in ka tauna sai ka ji sabulun wata a ciki. Zulmira kuwa can sama take kai nata, Gurbin Mora, inda babu mai zuwa.

Rafinmu ya haƙa gurabe a cikin dutse kafin ya wuce ƙauye. Na gada na yara ne da masu wanki, ruwansa iya ƙugu. Na tsohon gidan niƙa na samari ne, a nan suke tsalle suna ihu don 'yan mata su waiwayo. Na can sama shi ne Gurbin Mora. Ruwa ke faɗowa daga goshin dutse ya taru kore shar, ba a ganin ƙasansa, ga wani falalen dutse a gefe da rana ke fara taɓawa da safe, ga ɓaure ya sunkuyo a kai. Duk wanda ya gan shi sai jikinsa ya yi ƙaiƙayin shiga. Amma babu mai shiga, saboda Mora.

Mora aljana ce mai dogon gashi da kakanninmu suka ce tana zaune a ƙasan ruwan tana tsefe kai. A zamanin uwata labarin ya kusa mutuwa, yara kawai ake tsorata da shi. Zulmira ce ta tashe shi, ta yi masa wanka, ta sa masa sabbin kaya. Ranar Lahadi a ƙofar coci, tana zuba wa mutane tiramoso a ƙunshin takarda, sai ka ji ta da sanyin murya, kamar da kanta take magana:

"Yau da safe ma na ji ta tana tari."

"Wa?"

"Ka san wa. Ni ba na kiran suna da bakina."

"Haba Ti Zulmira, aljana tana tari?"

"Kai da a ruwan sanyi kake kwana tun zamanin kakan kakanka ba za ka yi tari ba? Miƙo hannu, kana tare mini layi."

Duk shekara da abin da ake ƙarawa. Akuyar wani ta ɓata, Zulmira ta ce ta ga kofato a bakin ruwa. Wani mafarauci ya yar da hularsa a hanya, ta kawo hular a jiƙe ta ajiye a ƙofar coci ba ta ce komai ba, ta bar mutane suka ce. Ita kaɗai Mora ta ƙyale, in ji ta, saboda kullum tana watsa mata tafin tiramoso na gaisuwa, kuma ba ta taɓa barin ruwan ya wuce idon sawunta ba. Kowa ya san Zulmira na tsoron ruwa. Ko gada za ta haye, tsakiya sak take bi, tana alamar gicciye.

Ni ma na yarda da haka, har ranar da na lura da wuyanta. Tana shan kofi, sai ga ɗigon ruwa ya sulalo daga ƙarƙashin ɗankwali ya bi bayan kunnenta.

"Ti Zulmira, ruwa ke zubo miki."

"Zufa ce."

"Da wannan sanyin?"

"Ki ɗauki buhu ki hau tudun nan ki gani in ba za ki yi zufa ba."

"Zufarki har da ƙanshin na'a-na'ar bakin rafi?"

Ta ajiye kofin a hankali ta dube ni. "Idalina, kin maimaita garin kofin nan, na jiya ne. Kin ji na gaya wa wani?"

Na je na dafa mata sabo.

Sai daga baya ta ba ni labarin da kanta. Ubanta ne mai gidan niƙa, kuma ba ta gama iya tafiya ba ta iya iyo, don yayyenta maza jefa ta suke yi a ruwa su tsaya suna dariya. Karen ruwa suke ce mata. Waɗanda suka san wannan duk sun mutu ko sun manta. Da ta auri Firmino, uwarsa ta zaunar da ita ta ce matar aure ba ta tuɓe a rafi. Zulmira ta ce to. Firmino kuwa, mutum mai shiru, sai ya riƙa raka ta gurbin sama da sunan taya ta ɗaukar buhu. Ya zauna a kan falale ya juya wa ruwa baya yana gadin kayanta, in ya hango wani a hanya ya yi fito.

Ciwon ƙirji ya ɗauke Firmino tun ba su tsufa ba. A wajenmu matar da mijinta ya mutu baƙi take sawa har kabari. Ba ta rawa, ba ta dariya da ƙarfi, balle a ce an ga ƙaurinta a rafi. 'Yarta ɗaya ta yi aure ta tafi birni. Abin da ya rage wa Zulmira nata na kanta a duniya shi ne ɗan lokacin nan na safe, in ta ninke baƙaƙen kayan a kan dutse ta shiga ruwa.

"Da na rasa mai yi mini fito," in ji ta, "sai na ɗauki aljana aiki. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta gulma."

Haka aka tafi shekara da shekaru, har gashinta ya yi fari a ƙarƙashin ɗankwalin, sai ga Belmiro ya dawo.

Belmiro ya ƙare shekarun ƙarfinsa yana ɗora bulo a kan bulo a gefen Paris. Ya dawo da tumbi, da mota, da sanƙo mai sheƙi, muka zaɓe shi shugaban ƙauye saboda ya fi kowa murya. Sa'an Zulmira ne, tare suka yi kiwon awaki, kuma shi ya riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, don haka kumpadre take kiransa, shi kuma ya ce mata kumadre. Ana cewa ya taɓa neman aurenta Firmino ya riga shi. Shi ya musa. Ita ta ce ba ta tuna ba, wanda hakan ya fi yi masa ciwo.

Wata safiya ya tsaya a tsakiyar shagona, bakinsa cike da tiramosonta, ya fara jawabi.

"Ku dubi mutanen ƙauyen ƙetare. Wani ɗan kududdufi gare su da ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga. Sun yi masa matakala, sun kafa allo, yanzu in Agusta ta zo motoci har bakin makabarta. Mu kuwa Allah ya ba mu Gurbin Mora, mun bar wa buhun wake! Zan fasa hanya. In zuba siminti a kan falalen nan ya yi sumul, in kafa tsani na ƙarfe, in yi rumfa, in yi wurin ajiye mota."

Zulmira na zaune a kusurwarta. "Kumpadre, ka nemi izinin mai gidan?"

"Wace mai gida?"

"Ka sani."

"Kumadre, na yi aiki a ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin Paris, cikin duhu, ban ga aljani ko ɗaya ba."

"Su ma suna zaɓen wanda za su nuna wa fuska."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa Zulmira ba ta taya su ba, ta tashi ta fita.

Matsalar Belmiro ita ce babu wanda ya yarda ya ɗauki buhun siminti ya hau da shi. Wannan ya ce bayansa, wancan ya ce matarsa ta hana. Sai ya tara mutane a matakalar coci bayan sujada ya yi ta faɗa, ya ce mu jahilai ne, a Faransa ko yaro ba zai ji wannan shirmen ba. Zulmira ta bari sai da ya gaji, sannan ta goge hannu a zaninta.

"Mai girma Shugaba, maganar ba ta kai tsawon haka ba. Idin Waliyyi Yohana ya kusa, ranar da kowa ke zuwa rafi da asuba ya wanke fuska don albarka. To bana mu hau sama. Ka shiga Gurbin Mora a gaban jama'a, daga falale zuwa inda ruwa ke faɗowa, ka dawo. In ka fito lafiya, ni da kaina zan ɗauki buhun siminti na farko."

Ta san abin da ta taka. Belmiron da ta sani tun suna yara bai taɓa wuce gwiwa a ruwa ba, shi ne mai gadin rigunan sauran. Ta jira ya fara inda-inda.

Sai ya yi murmushi har kunne. "Na yarda."

Washegari a shago ya yi bayani, yana shafa tumbi. "Likita ne ya sa ni a can, saboda ciwon baya. Duk Asabar. Ruwa mai ɗumi, ƙasansa da layi-layi, ka je ka dawo, ka je ka dawo. Har hular roba gare ni."

"Ikon Allah," in ji Zulmira. "Ashe har jaki ana koya wa abu a Faransa."

Bakinta ne ya faɗa, amma ranar ba ta shanye kofinta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ta daina zama hira. Ta dire daro ta wuce. Belmiro kuma ya shigo wata rana yana zage-zage, wai wani ɗan banza ya shiga garkarsa ya aske wa alfadarinsa wutsiya, ya bar dabba da ɗan guntun tsintsiya tana jin kunyar ƙudaje. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ga abin da ta yi, kamar yadda ta faɗa mini daga baya. Ta cika wani dogon buhu da dafaffen tiramoso, ta cusa ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi ta wajen baki, don buhun ya miƙe tsaye a cikin ruwa kamar mutum. Ta ɗinka masa wutsiyar alfadari a ka. Ta ɗaure gindinsa da igiya a jikin wani dutse a ƙasan gurbin, daidai inda mai tsalle daga falale zai faɗa, ta bar kan ya tsaya ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, inda ido ba ya kaiwa amma ƙafa na kaiwa. Kafin ranar idi waken ya kumbura, buhun ya yi santsi da gansakuka, ya yi laushi da sanyi kamar jikin wanda ya daɗe a ruwa.

"Taɓa shi kawai nake so ya yi," in ji ta. "Ya taɓa, ya fito a guje, shi ke nan."

Safiyar idi duk Ribadelo ta hau tudu. Raɓa ta jiƙa ƙafafu, kayan kowa na ƙaurin wutar da aka hura daren jajibere da gasasshen kifi. Waɗanda ba su taɓa ganin gurbin ba suka tsaya baki buɗe. Aka ja baya daga bakin ruwa, aka bar wa Belmiro falale. Ya cire riga, ya cire dogon wando, sai ga shi da wani ɗan jan kamfai da tumbi ya kusa rufewa.

Ti Deolinda, wata gwauruwa mai kaifin baki da ta ƙare rayuwarta tana wanki a gada, ta ɗaga murya. "Mai girma Shugaba, wandon nan da kai aka gwada ko da jikanka?"

"Na Paris ne, Deolinda."

"Ashe yadi ya yi wuya a can."

Ya sa hular robarsa, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya daka tsalle. Tinjim! Ruwa ya fallatso har kan na gaba. Ya taso yana huci saboda sanyi, amma yana dariya, yana ɗaga hannu.

"Ina take? Mora! Ga baƙo ya zo gaisuwa! Ku ce mata ta ɗora kofi!"

Yana cikin wasa da ƙafafu a ruwa sai dariyar ta tsaya cak. Ya dubi ƙasa. Ya dube mu.

"Wa... wa ke nan?"

Gashi ne ya shafi cinyarsa. Ihun da Belmiro ya yi, na tabbata mutanen ƙauyen ƙetare sun ji. Na waiwaya na ga Zulmira ta tura bakin ɗankwali a baki, kafaɗunta na rawa. Har nan komai ya tafi yadda ta tsara.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne mutumin da ya koyi iyo a ruwa mai layi-layi, in ya firgita ba gaba yake yi ba, shure-shure yake yi a wuri ɗaya. Ya yi ta harbin buhun, buhun na juyawa yana dawo masa, har igiyar ta naɗe masa ƙafa. Ya nutse. Ya taso.

"Ta kama ni! Wayyo uwata, ta kama ni!"

Ya sake nutsewa, hular robar ta taso ita kaɗai.

Samarin nan da ke tsalle daga rufin gidan niƙa suna tsaye a wurin, ƙarti majiya ƙarfi. Suka ja da baya.

"Ku shiga mana!" na ce.

"Ke ki shiga," in ji ɗaya.

Mata suka zube a gwiwa suna kiran Maryamu. Zulmira ta cire ɗankwalin daga baki. Ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Ku shiga, 'yan banza, babu komai a ciki!"

"Ti Zulmira, ai ke kika ce..."

"Na ce! To yanzu na ce babu!"

Babu wanda ya motsa. Tun suna goye take shuka musu tsoron nan, ga shi ya yi jijiya. Hannun Belmiro ya fito ya damƙi iska ya koma.

Na ji ta ce a hankali, "Firmino, ka ga abin da ka bar ni da shi."

Ƙwas, ƙwas, takalman katako suka faɗi a kan dutse. Ɗankwali ya bi su, sai ga farar kitsatstsiyar jela har gadon baya, wadda babu wanda ya taɓa gani. Baƙin zani ya zube, ta rage daga ita sai fatari da 'yar shimi. Ta zare 'yar wuƙar da take yanke igiya da ita ta cije a haƙora, ta taka bakin falale, ta miƙa hannuwa. Ba a ji tinjim ba. Sul kawai aka ji, ruwan ya buɗe ya rufe.

Addu'a ta tsaya. Babu abin da ake ji sai faɗowar ruwa daga dutse.

Can sai ga sanƙo ya ɓullo, ga hannun tsohuwa a ƙarƙashin haɓarsa. Tana iyo da gefe, tana jan sa kamar tulu, tana faɗa.

"Daina shure-shure, kumpadre! Ka ƙara harbi na in mayar da kai inda na samo ka!"

Sai a lokacin samarin suka sami ƙarfin miƙa hannu. Aka jawo shi kan falale, ya kwanta yana amayar da ruwa. Da ya dawo hayyacinsa aka tashe shi tsaye. Yana miƙewa sai aka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Wajen yanke igiya wuƙar ta farke buhun, waken ya watse, jan kamfan Paris ya kwashi rabonsa. Tiramoso ne ke zubowa ta ƙafafun wandon Mai girma Shugaba, yana gangarawa a kan dutse.

Deolinda ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta duba, ta goge a riga, ta gatsa.

"Bai gama barin ɗaci ba," in ji ta.

Zulmira na zaune a gefe, ta yafa zaninta, ruwa na ɗiga daga jelarta. Ba ta kalli kowa ba. Falalen take kallo, da ɓauren, irin kallon mai sallama. Buhu ya fashe, kowa ya ga iyonta, ga alkawarin siminti a wuyanta.

Wani ya ce, "Shugaba, wai me ya kama ka?"

Belmiro ya dubi waken. Ya dubi samarin, waɗanda bakunansu suka fara motsi. A Ribadelo in aka laƙa maka suna ba kai kaɗai ke ɗauka ba, 'ya'yanka da jikokinka za su gada, a manta sunan da aka raɗa musu a coci. Muna da gidan Kaza Ta Kore Shi, kuma babu mai rai da ya ga kazar. Na ga Belmiro yana jin sunan na tahowa: Belmiro Buhu, ɗan Buhu, jikan Buhu.

Ya gyara murya.

"Hannu ne," in ji shi. "Hannu mai yatsu, sanyi kamar ƙanƙara. Ga gashi har ƙasa. Na ga fuskarta, kada Allah ya nuna muku."

"To waken fa?" in ji Deolinda.

Zulmira ta ɗago kai da sauri. Idanunta suka dawo.

"Gaisuwar da nake watsa mata ce kullum. Ashe tarawa take yi, baiwar Allah."

"Mora ce ta cusa mini," in ji Belmiro.

"A wando?"

"Aljana ce, Deolinda. Kunya gare ta?"

Wata mata ta matso. "Ti Zulmira, ashe kin iya ruwa haka?"

"Ni? Ni da ko gada ba na son hayewa? Waliyyi Yohana ne ya tura ni, ban san na shiga ba. Miƙo mini takalmina."

Wasu sun yarda, wasu sun yi kamar sun yarda, don labarin ya fi daɗi a haka. Kafin mako ya zagayo Belmiro da kansa ya kafa allo a gindin hanyar sama, ya rubuta cewa wurin na da haɗari, an hana shiga. Simintin da ya riƙe ƙafar allon shi ne kaɗai ya taɓa kusantar Gurbin Mora, kuma Zulmira ce ta ɗauko masa shi a ka, don ta ce ita ba ta saɓa alkawari.

Na ji su a kusurwar shago bayan nan, murya ƙasa-ƙasa.

"Kumadre, kin kusa kashe ni."

"Na kuma fito da kai. Sha kofinka."

"Gashin nan fa? Ina kika samo?"

"Ka tambayi alfadarinka."

Ya shaƙe da kofi, sai da na buga masa baya.

Zulmira ta ɗauka ta tsira ke nan. Amma buhun da ya farke bai tsaya a sama ba, ya biyo ruwa har gada, ya maƙale a dutsen wankin Deolinda, da wutsiyarsa da komai, ga facin shuɗin zare irin wanda Zulmira kaɗai ke yi. Wata asuba aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Deolinda ce da buhu a hammata, da wasu mata gwauraye biyu a bayanta, duk cikin baƙi.

"Ɗauko kofi a filas, Idalina. Za mu gaida aljana."

Muka same ta a tsakiyar ruwa, kwance rigingine tana kallon sama, baƙaƙen kayan a ninke a kan falale. Deolinda ta zauna a kusa da su, ta cire takalmi, ta shimfiɗa buhun a kan dutse ta gyara masa gashi.

Zulmira ta juyo ta gan mu. Ta nutse har hanci.

"Me kuke nema?"

"Tun ina budurwa nake bakin ruwan nan ina wanke wandunan mutane," in ji Deolinda, "ban taɓa sanin yadda yake ji a wuya ba. Ki koya mana."

"Ban iya ba. Waliyyi ne."

"To ki ce wa waliyyin ya koya mana. In ba haka ba, ranar Lahadi in shanya wannan a ƙofar coci."

Zulmira ta dubi buhun, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku kaɗai ne?"

"Yau dai."

"Yau?"

"Ƙanwata ma na so, sai ƙafarta ta warke."

Zulmira ta yi tsaki mai tsawo, ta feso ruwa ta baki. "Ku shigo ta gefen ɓaure, ya fi tudu. Duk wadda ta yi ihu na danna kanta. Ke Deolinda, cire safar mana, wanki kika zo?"

Deolinda ce ta fara ihu, kuma an danna kan nata.

Tun daga bazarar nan Zulmira ba ta ƙara samun gurbin ita kaɗai ba, kuma ba ta taɓa daina ƙorafi a kai ba. Ta ce mun cika surutu, mun kore mata kifi, iyonmu kamar shanu sun faɗa rijiya. Amma Mora ba ta taɓa samun ma'aikata irin na lokacin ba. Da bakuna suka yi yawa a ƙofar coci, aljanar ta sami haƙoran zinariya, ta sami miji, har aka fara jin kukan jaririnta. Belmiro kuwa duk baƙon da ya zauna a shagona sai ya naɗe masa ƙafar wando ya nuna inda yatsun suka kama.

Da ƙafafun Zulmira suka gaza, ba ta daina hawa ba. Mukan riƙe ta mu kai ta kan falale. Ta zauna ta juya wa ruwa baya, kayanmu a kusa da ita, idonta a kan hanya. Haƙoranta sun zube, fiton ba ya fita sosai, iska ce ta fi yawa. Wani lokaci takan yi shi babu kowa a hanyar, don kawai ta ji mu muna rige-rigen ɓuya a bayan dutse, sannan ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Ku koma, akuya ce."